Tarihin Shehu Muhammadu al-Kashnawi, Malamin Lissafi Daga Katsina

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa Musulmi, a wannan mako mun ɗauko tarihin Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, wato Bakatsine, Allah ya jiƙansa. Dalili kuwa shi ne kukan da iyaye ke kawo mana a nan Libreville: yara na gudun ajin kimiyya saboda tsoron lissafi, wasu ma har suna ganin fannin ba na ɗan Musulmi ba ne.

Shehun ya tashi a ƙasar Katsina, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Ya yi karatu a hannun malaman yankin, daga cikinsu akwai Shehu Muhammadu al-Wali na Bagarmi da Shehu Muhammadu Bindu, ya ƙware a nahawu da manɗiƙi da hisabi. Daga nan ya kama hanyar hajji, a zamanin da ake shafe watanni ana keta daji da sahara kafin a ga Ka'aba. Bayan ya sauke farali ya zauna a Hijaz na wani lokaci, sannan ya sauka Alƙahira.

A wajen shekarar 1732 ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin gina wafaƙi, wato hatimin lamba. Ga misali mafi sauƙi. A zana gida tara, uku a tsaye uku a kwance, a zuba 4, 9, 2 a layin sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta duk inda aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za a samu. Na gida tara ana iya dacewa da shi ta gwaji. Na gida 25 ko 49 kuwa sai da ƙa'ida, kuma irin waɗannan ƙa'idoji ne ya tsara, musamman ga hatimin da gefensa mara ne, kamar 3 da 5 da 7.

Dole mu faɗi gaskiya a nan. A zamaninsa wafaƙi yana haɗe da ilimin haruffa da ɗalasimai, har ma yana da wani littafin a kan wannan fanni mai suna Ad-Durrul Manzum. Malamai da yawa sun hana neman waraka ko sanin gaibu ta irin wannan hanya, mu ma ba ita muke kira gare ta ba. Amma lissafin da ke cikin hatimin ingantacce ne, kowa zai iya gwada shi da alƙalami.

To, ina ruwan ɗalibinmu na lise da wannan? Ku duba. Hatimi mai gefe 3, jimlar lambobinsa duka 45 ce, a raba ga layi uku a samu 15. Mai gefe 5, jimlarsa 325, kowane layi ya sami 65. Mai gefe 7 yana ba da 175, mai gefe 9 kuma 369. Ƙa'idar ɗaya ce: a ninka lambar gefe da kanta, a ƙara 1, a sake ninkawa da lambar, a raba biyu. Kowace lamba ka saka, amsa ɗaya tak za ta fito. Wannan shi ne abin da malamin aji ke kira fonksiyon. Sannan a lura da ƙaruwar: daga 15 zuwa 65 an ƙara 50, daga 65 zuwa 175 an ƙara 110, daga nan zuwa 369 an ƙara 194. Tambayar saurin da amsa ke canzawa idan lambar da aka saka ta motsa, ita ce ƙofar kalkulas. Yaron da bai iya saka lamba cikin ƙa'ida ya zana jadawalinta ba, wuya zai sha idan ya isa jami'ar kimiyya ta Masuku a Franceville.

Ba mu ce Shehun ya yi aiki da kalkulas ba. A Turai Newton da Leibniz suka tsara shi kafin ƙarshen ƙarni na 17, kuma a shekarun 1730, daidai lokacin da Shehun ke rubuta littattafansa, Euler ya fara amfani da alamar f(x) da yaranmu ke rubutawa yau.

A Alƙahira Shehun ya sauka gidan Shehu Hasan al-Jabarti, malamin Azhar masanin falaki da handasa, wanda duk da girman iliminsa ya zauna gaban wannan Bakatsine ya karanci wafaƙi. A gidan ne Allah ya karɓi ransa a shekarar 1154 bayan hijira, daidai da 1741, bayan ya bar wa mai masaukinsa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. A can Alƙahira aka binne shi. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ya rubuta tarihinsa cikin Aja'ibul Asar, tare da manyan malaman Masar na wancan ƙarni.

Allah ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa.