Likita Miller na Zariya: Daga Tarabulus zuwa Gimi da Wusasa

Duk matashin Adar da ya taɓa kama hanyar Agadas zuwa Libiya, daga Tebaram ya taso ko daga cikin garin Tawa, ya san cewa a Tarabulus ba a rasa mai jin Hausa. Haka abin yake tun kafin zuwan mota. A ƙarshen ƙarni na 19, fatake daga Kano da Damagaram, da mahajjata, da bayin da aka ƙetara hamada da su, duk suna zaune a birnin. A cikinsu wani matashin likita ɗan Ingila ya je ya tare don ya koyi Hausa, saboda a lokacin ƙasar Hausa kanta ba ta shiguwa ga irinsa. Sunansa Walter Richard Samuel Miller.

An haife shi a 1872 a garin Honiton da ke kudu maso yammacin Ingila, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sannan ya shiga CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilika. A Tarabulus ya haɗu da wani yaro mai suna Abdul Majid da ke kan hanyar hajji tare da mahaifinsa. Yaron ya taimaka masa da Hausa, daga baya ma ya zama ɗan gidansa. Hausar da ta fara zama a bakin Miller ke nan, ta matafiya da ƴan ci-rani.

Kano ta ce a'a

A 1900 ayarin Turawa biyar ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ya taso daga Legas da niyyar kafa mishan a Kano, kuma Miller na cikinsu. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su ba laifi, don yana da tasa damuwar da hare-haren Kwantagora. A Kano kuwa labari ya sha bamban. Sarki Aliyu Babba ya saurare su a fada, ya ba su kwana uku su bar masa gari. Idan aka dubi lamarin da idon wancan zamani, ba a ga laifin sarkin ba: baƙi ne da ba a gayyata ba, ba su zo da izinin Sarkin Musulmi ba, ga kuma sojojin Ingila na matsowa daga kudu.

Ayarin ya koma Girku, kudu da Zariya. A can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, ciwo ya kwantar da wasu, tafiyar ta watse. Wani da ya ga haka sai ya tattara ya koma gida ya buɗe ɗakin shan magani a Landan. Miller dawowa ya yi. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, ya samu izini a 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe wurin ba da magani da ƙaramar makaranta.

Zamansa da Turawan mulki bai taɓa yin daɗi sosai ba. Gwamna Lugga yana girmama shi saboda Hausarsa, har ana sa shi ya jarraba jami'an gwamnati a harshen. Amma Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka razdan-razdan da yawa suna kallon Miller a matsayin ƙaya a ƙafa. Ya kawo shawarar kafa makarantar ƴaƴan sarakuna, gwamnati ta ƙi ba ɗan mishan wannan aiki, ta miƙa shi ga Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Shekaru suka yi ta wucewa, marasa lafiya na zuwa karɓar magani suna komawa da addininsu. Waɗanda suka karɓi Kiristanci a birnin ana iya ƙirga su da yatsu.

Baƙin da suka zo da kansu

A 1913 wasu mutane suka zo wurinsa a Zariya suna neman ƙarin bayani a kan Annabi Isa. Daga cikin Isawa suke. Asalin wannan jama'a wani malami ne na Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba shi matsayin da malaman fada ba su yarda da shi ba. Ya tara mabiya, aka nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, a shekarun 1860. Mabiyansa suka gudu zuwa duwatsun Ningi da ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. Bisa labarin da zuriyarsu ke bayarwa, malamin ya bar musu wasiyyar cewa wata rana za a zo musu da ƙarin sani game da Isa.

Kusan shekara hamsin suna riƙe da wannan jira a ɓoye, ba coci, ba fasto, ba Bature. Ba duka Isawa ne suka bi Miller ba, wasu sun tsaya kan tafarkinsu. Amma iyalai da dama sun karɓi baftisma, kuma suka nemi abu guda: wurin da za su zauna tare, su yi noma, su yi sujada ba da tsoro ba. Aka samu fili a Gimi, a yankin Maƙarfi, aka kafa ƙauye. Wanda ya jagoranci zaman yau da kullum shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, jikan waɗanda aka kwashe daga Afirka.

Gimi ta yi kyau a farkonta. Mutanen da suka saba zama a warwatse, kowa na ɓoye abin da ke ransa, sai ga su a gari guda suna gayya a gonakin juna. Aka gina majami'a da makaranta, yara maza da mata suka shiga karatu. Thompson ya san aikin rake daga ƙasarsu, kuma ana danganta shigowar injin matse rake a wannan yanki da shi. Wanda ya taɓa tsotsar mazarƙwailar Maƙarfi, to akwai ɗan tarihin Gimi a cikin abin da ya sha. Ga Miller kuwa, wanda ya shafe fiye da shekara goma yana shuka a kan dutse, wannan ƙauye shi ne amsar addu'arsa.

Sai dai fadamar da ta sa raken ya yi kyau ita ce kuma matattarar ƙudan tsando. Cikin ƴan shekaru ciwon barci ya shiga Gimi. Ciwo ne mai cin mutum a hankali: zazzaɓi da kumburin wuya, sannan kasala, sannan barcin da ba ya ƙarewa, wani lokaci da ruɗewar hankali, har mutuwa. Magungunan da suka fara yin tasiri a kansa sai a shekarun 1920 suka bazu. Miller likita ne, amma hannunsa babu abin da zai tsayar da cutar. Gida bayan gida aka yi ta binne manya da yara, har ƙauyen ya zama kufai. Bala'in bai tsaya ga Gimi ba. Shi ne ya addabi yankin Anchau har gwamnatin mulkin mallaka ta tashi jama'a a ƙarshen shekarun 1930 ta gina musu sabon gari, Takalafiya. Amma wannan ɗauki ya zo wa mutanen Gimi a makare.

Ba wuya a gane abin da maƙwabta za su faɗa a irin wannan hali: sun bar addinin iyaye, ga sakayya. Waɗanda suka tsira sun ji irin wannan magana, kuma hanyar komawa a buɗe take. Da yawansu ba su koma ba. Aka kwashe ragowar, galibi zawarawa da marayu, zuwa gidan mishan na Zariya. A nan, a ganina, aikin Miller na gaskiya ya fara, kuma ba aikin wa'azi a kasuwa ba ne. Shi da bai taɓa aure ba sai ya wayi gari uban yara masu yawa. Ikilisiyar ta zama ita ce dangi: wanda ya rasa uwa ya samu mai yi masa tuwo, wadda ta rasa miji ta samu aiki a ɗakin magani ko wurin kula da yara, manyan ɗalibai suna koyar da ƙanana. Kiristocin Hausa suna da kalmar da suke kiran irin wannan dogaro da ita, bege. A bakin Musulmi kalmar ta fi tafiya da shauƙi da yabo, a bakinsu kuwa tana nufin sa rai da abin da ido bai gani ba tukuna.

Mai kaifin harshe

Kada a ɗauka waliyyi ne marar aibu. Miller mutum ne mai tsauri, mai son a bi nasa ra'ayi, kuma abokan aikinsa Turawa sun sha fama da shi. Hukuncinsa kan Musulunci da sarautar Fulani ya yi zafi, sau da yawa ya wuce gona da iri. Ya yi ta kai ƙarar Sarki Aliyu Ɗan Sidi wurin gwamnati kan zargin zalunci da harkar bayi, kuma ƙorafinsa na cikin abin da ya kai ga sauke sarkin wajen 1920 aka kai shi Lakwaja. Wasu na ganin ya tsaya wa talaka ne, wasu kuma na ganin Bature ne ya yi amfani da kusancinsa da masu mulki ya kayar da sarki malami kuma mawaƙi. Kowane ɓangare na da abin kamawa. A shekarun 1920 ƴar'uwarsa Ethel, wadda ita ma ƴar mishan ce, ta wallafa wata ƙasida mai sukar Musulunci da ta ɓata wa jama'a rai ƙwarai, abin da ya ƙara tsananta zaman mishan a cikin ganuwa.

Daga ƙarshe fada da gwamnati suka matsa a fitar da mishan daga birni. Miller bai so ba, don a ganinsa barin cikin gari barin mutane ne. Matasan ƴan mishan da suka zo bayansa, irin su Guy Bullen, suka ga cewa fili mai faɗi ya fi. A 1929 aka koma Wusasa, a gindin dutse, yamma da birnin. Aka gina cocin St Bartholomew da jar ƙasa, da bakan gizo irin na magina Hausawa, ta yadda mai wucewa zai iya ɗaukar ta soron wani basarake. Aka kafa asibitin St Luke da makarantu. Abin da Miller ya ƙi, shi ya zama gadonsa mafi daɗewa.

Lissafin abin da wannan ƙaramar unguwa ta fitar yana da ban mamaki. Dokta Russell Aliyu Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewacin Najeriya, wanda ya yi karatu a Birmingham, ya kuma zama shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, ɗan wannan jama'a ne, kuma sunansa ne a kan asibitin koyarwa na jihar Kaduna. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, daga nan yake. Farfesa Ishaya Audu, wanda zuriyarsa ke komawa ga Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje. A Wusasa kuma Yakubu Gowon ya tashi, inda mahaifinsa ke aikin bishara. Ban da waɗannan akwai malaman makaranta da ungozomomi da ma'aikatan jinya da ba a rubuta sunayensu a littafi ba, waɗanda yawancin mutanen da suka yi wa hidima Musulmi ne.

Shi kuwa Miller bai tare a Wusasa ba. Ya koma Kano, birnin da ya kore shi shekara talatin da suka wuce, ya duƙufa kan aikin da ya daɗe yana yi: fassara Littafi Mai Tsarki. Kafin shi Bajamushe J. F. Schön ya fassara Sabon Alkawari a ƙarni na 19, bayan ya inganta Hausarsa a wurin Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai. Amma cikakken littafin sai a 1932 ya fito, da rubutun boko, Miller na jagora, tare da ƴan wasu ƙungiyoyin mishan da Hausawan da suka yi ta tace masa kalmomi. Fassarar ta wuce inda ƙafarsa ta taka. A tsaunukan Filato da kudancin Zariya, ƙabilu masu harsuna daban-daban suka mayar da Hausa harshen sujada, kuma haka abin yake har gobe.

Ya ajiye aiki da CMS a 1935, ya koma Ingila, zama ya gagare shi, ya dawo Najeriya. Ya rubuta littattafai kan rayuwarsa da kan mulkin mallaka, ciki har da na 1947 wanda sunansa kansa tambaya ce ko Turawan Ingila sun gaza a Najeriya. A cikinsu ya soki yadda aka bar talakan Arewa ba ilimi. Ya rasu a 1952 a Bukuru, kusa da Jos, yana da shekara 80.

A wannan gefen iyaka kuwa, mishan ɗin SIM ya shigo Damagaram a 1924, ya kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a 1950, shekara biyu kafin rasuwar Miller, ya buɗe asibitin Galmi a jihar Tawa, garin da aka fi sani da albasa. Ƴan tsirarun Kiristocin da suka taru a waɗannan wurare da Hausa suke sujada, kuma fassarar 1932 ce a hannunsu har sabuwa ta fito wajen 1980.