Alexander Fleming: Likitan da funfuna ta kai shi ga fenisilin

Duk wanda ya taɓa shan amoxicillin ko Ampiclox, ko aka yi masa allurar fenisilin, ya ci gajiyar aikin wani ɗan manomi daga ƙasar Skotlan, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

An haifi Alexander Fleming ranar 6 ga Agusta, 1881, a wata gona da ke kusa da garin Darvel. Yana yaro ya koma Landan, ya yi shekara huɗu yana aikin akawu a wani kamfanin jiragen ruwa. Wani ɗan gado da ya samu daga ɗan'uwan mahaifinsa ne ya ba shi damar shiga makarantar likitanci ta asibitin St Mary's, ya kammala a 1906.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin likitan soja a Faransa. Can ya ga sojoji na mutuwa saboda raunukansu sun ruɓe. Ya kuma nuna cewa sinadaran wanke ciwo na lokacin, idan rauni mai zurfi ne, suna kashe ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, su bar bakteriya a ɓoye. Tun daga nan ya shiga neman abin da zai kashe bakteriya ya ƙyale mutum.

A watan Satumba na 1928 ya dawo daga hutu, sai ya tarar funfuna ta fito a wani faranti da yake kiwon bakteriya a ciki. Wani da tuni ya jefar. Shi kuwa ya tsaya ya duba, ya ga duk bakteriyar da ke kewaye da funfunar ta mace. Ya sa wa ruwan da funfunar ke fitarwa suna fenisilin, ya wallafa bincikensa a 1929.

To, ta yaya abin yake aiki? Kowace bakteriya tana da katanga da ta zagaye ta, kamar ganuwar birni. Cikinta cike yake da ruwa mai matsi, katangar ce ke riƙe da ita. Idan za ta girma ta rabu biyu, dole ta yi sabon gini. Fenisilin yana kama maginan da ke ɗaure tubalan katangar ne, ya hana su aiki. Gini ya yi rauni, ruwa ya ci gaba da shiga, sai bakteriya ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan katanga, shi ya sa maganin yake wuce su. Sai bayan rasuwar Fleming masana suka gama fayyace wannan bayani.

Fleming bai iya tace maganin da yawa ba. Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Jami'ar Oksfod ne suka ƙarasa. A 1941 suka gwada shi a kan wani ɗan sanda, ya fara samun sauƙi, amma maganin ya ƙare musu, ya rasu. Daga baya kamfanonin Amurka suka shiga sarrafa shi da yawa. A 1945 su ukun suka raba kyautar Nobel.

A jawabinsa na karɓar kyautar ya yi gargaɗi: lokaci na zuwa da kowa zai iya sayen fenisilin a shago, ya sha kaɗan, bakteriyar ba ta mutu ba, sai dai ta koyi jurewa. Ya rasu ranar 11 ga Maris, 1955, aka binne shi a majami'ar St Paul da ke Landan.

Yau fa mu ne a wannan lokacin. Daga Danchadi zuwa Bodinga da Shagari, mutum na jin mura sai ya nufi kemis a ba shi kafso biyu. Alhali bairas ne ke kawo mura, kuma bairas ba shi da katangar da za a rusa. Wani kuma likita ya rubuta masa kwana bakwai, ya sha uku, ya ji dama-dama, ya ajiye. Bakteriyar da ta tsira ita ce ke hayayyafa, wasu ma suna da sinadarin da ke yanka fenisilin tun bai iso katanga ba.

Ku tuna annobar sanƙarau ta 2017 da ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato. Allurar ceftriaxone da aka yi wa marasa lafiya ita ma katangar bakteriya take rusawa. Ranar da irin waɗannan magunguna suka daina aiki, wa za mu kama?

Don haka 'yan'uwa matasa, kafin ku yi wa wani tallar kafso a WhatsApp, ku tura shi asibiti. Idan an rubuta muku, ku sha yadda likita ya ce, kada ku raba da abokin ɗaki. Allah Ya ƙara mana lafiya.