Tunawa Da Marigayi Marc-Vivien Foe, Ɗan Ƙwallon Da Ya Fara Daga Garwa

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar 2003 a wannan yanki namu, daga Maga zuwa Marwa da Garwa, har zuwa Mubi da Gamborun Ngala a tsallaken iyaka, da wuya ya manta da ranar Alhamis 26 ga watan Yuni. A ranar ce muna zaune a gidajen kallo, wasu kuma kunne na jikin rediyo, muka shaida yadda Marc-Vivien Foe ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

An haifi marigayin ne ranar 1 ga watan Mayu, 1975 a Yawunde. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a nan arewa ya fara taka leda yana matashi, a ƙungiyar Union ta Garwa da ke rukuni na biyu. A wancan lokaci manyan ƙungiyoyin Kamaru duk suna kudu ne, irin su Canon da Tonnerre a Yawunde, da Union a Duwala. Ita kanta Coton Sport, wadda kamfanin auduga na Sodecoton ke ɗaukar nauyinta, a 1986 aka kafa ta, kuma sai a 1997 ta fara cin gasar ƙasa. Don haka Foe ya koma kudu, inda ya shiga Canon, suka ci kofin Kamaru a 1993.

Shekarar 1994 ba baƙuwa ba ce ga 'yan kasuwa. A watan Janairunta ne aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kaya suka yi tsada, albashi ya daina kai wata. A cikin wannan shekarar ce Foe, yana ɗan shekara 19, ya buga gasar cin kofin duniya a Amurka, daga nan ƙungiyar Lens ta Faransa ta ɗauke shi. Iyayen da a da ke dukan yaro don ya bar gona ko shago ya tafi ƙwallo, sai ga shi sun fara kallon ƙwallon a matsayin sana'a, ɗan wasa kuma ya zama hajar da ake fitarwa waje kamar auduga.

Foe ɗan wasan tsakiya ne, dogo mai ƙarfi, marar yawan magana. Ya ci gasar Faransa da Lens a 1998. A wannan shekarar Manchester United ta neme shi, amma ya karye a ƙafa, cinikin ya lalace, gasar kofin duniya ta 1998 ma ta wuce shi. Bai karaya ba. Ya tafi West Ham ta Ingila a 1999, ya dawo Faransa a 2000 inda ya shiga Lyon, suka ci gasar ƙasar a 2002, sannan aka ba da shi aro ga Manchester City.

Abokanmu na Nijeriya ba su manta da wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2000 a Legas ba. An tashi biyu da biyu, aka je bugun fenariti, Kamaru ta ci huɗu da uku. Har gobe ana gardama a rumfunan kasuwa kan bugun Victor Ikpeba da ya tsallake layi alƙalin wasa ya hana. To amma shi ma Foe ya zubar da nasa bugun a ranar. Bayan shekara biyu suka sake ɗaukar kofin a Mali.

Wasan da ya zama ajalinsa shi ne na kusa da na ƙarshe a gasar kofin nahiyoyi, tsakanin Kamaru da Kolombiya, a filin Gerland na birnin Lyon. Ya faɗi a minti na 72. Likitoci sun shafe kusan minti 45 suna ƙoƙarin farfaɗo da shi, amma rai ya yi halinsa, yana da shekara 28. Bincike ya nuna yana da ciwon kaurin naman zuciya, ciwon da kan ɓoye a jikin mai ƙarfi sai ranar da aka matsa wa jikin. Irin haka ta faru da Samuel Okwaraji na Nijeriya a 1989, a filin nan na Legas.

An yi masa jana'izar ƙasa a Yawunde, Manchester City ta jingine riga mai lamba 23, kuma gidan rediyon RFI na ba da kyauta da sunansa ga gwarzon ɗan Afirka a gasar Faransa. Vincent Enyeama ya ci ta a 2014, Victor Osimhen a 2020. Mutuwarsa na daga cikin dalilan da suka sa hukumar FIFA ta ɓullo da gwajin zuciyar 'yan wasa kafin kofin duniya na 2006. Duk da haka, a 2016 wani ɗan Kamaru, Patrick Ekeng, ya faɗi a fili a Romaniya, ya rasu.

Akwai kuma abin takaici. Marigayin ya zuba dukiyarsa wajen gina katafariyar cibiyar wasanni don matasa a unguwar Biteng ta Yawunde. Bayan rasuwarsa aikin ya tsaya, ciyawa ta rufe wurin shekara da shekaru.

Yau arewa ta canja. Coton Sport ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, filin Rumde Ajiya na Garwa kuma ya karɓi wasannin kofin Afirka a Janairun 2022, har da na Nijeriya. Sau da yawa ku 'yan kasuwa ne ke sayen riguna da kofuna na gasar unguwanni a lokacin hutu. Muna roƙon duk wanda zai sa kuɗinsa a gasa, ya ware wani abu a kai yaran asibiti a duba zuciyarsu, a kuma ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fili. Wanda kuma dillali ya zo masa da alƙawarin kai ɗansa Turai, ya bincika kamar yadda yake bincikar kaya kafin ya biya.

Allah Ya kare mana 'ya'yanmu, amin.