Lokotoro Karnofski, wanda ya yaƙi sankarar huhu har ta yi ajalinsa

An haifi Dabid Karnofski a birnin Los Anjalas na ƙasar Amurka a shekara ta 1914. Ya ƙare karatun aikin lokotoro a jami'ar Sitanfod a 1940. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ci Amurka, sai aka ɗauke shi soja, aka sa shi cikin masu binciken wata gubar yaƙi mai ƙona fata da huhu. Masana sun lura gubar nan tana hallaka ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, kuma saurin hayayyafa shi ne halin ƙwayoyin sankara. Daga nan aka fara tunanin mai da guba magani.

Bayan yaƙi ya koma cibiyar binciken sankara ta Sloan-Kettering a birnin Niyok. A can yakan dasa tsokar sankara cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako a ciki, ya zuba magani, ya duba ko tsokar za ta daina girma ba tare da ɗan tsakon ya mutu ba. Ta haka ake tace magunguna kafin a kusanci ɗan Adam da su.

A 1948 shi da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon gwada wani dangin gubar nan ga masu sankarar huhu. Waɗansu sun sami sauƙin tari da numfashi, amma sauƙin bai daɗe ba. Karnofski bai ɓoye wannan ba. A ganinsa, kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin bincike bai isa a kira abu magani ba, sai an ga amfaninsa ga majinyaci. Saboda haka ya tsara ma'auni daga 100 zuwa 0. Mai 100 lafiyarsa lau. Mai 70 yana kula da kansa amma ba ya iya aiki. Mai 50 sai da taimako mai yawa. Mai 10 yana bakin mutuwa. Har yau lokotoroci na aiki da ma'aunin nan, kuma ba ya bukatar na'ura: ma'aikacin lafiya a Ƙonni, ko Galmi, ko Illela, zai iya tambaya ko majinyaci na zuwa gona, ko yana cin abinci da hannunsa.

Karnofski ya rasu a 1969 yana da shekara 55, kuma sankarar huhu ce ta yi ajalinsa. Magungunan da suka fi nasa ƙarfi sun zo bayansa, amma da mudunsa aka auna da yawa daga cikinsu.

Jama'a, shan taba ne babban mai jawo wannan ciwo. Wanda tari ya ƙi barinsa, ko ya ga jini a majinarsa, ya hanzarta zuwa asibiti. Allah ya ba mu lafiya.