Antonio de Torres, Kafintan Da Ya Gyara Jita

An haifi Antonio de Torres a shekarar 1817 a wani ƙauye kusa da Almeriya, a kudancin ƙasar Sifen. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi koyon kafinta, daga bisani ya koma birnin Sebil, inda ya duƙufa ga ƙera jita.

Kafin zamaninsa jita ƙarama ce, muryarta ba ta da nisa. Torres ya faɗaɗa cikinta, ya rage kaurin allon fuskarta, watau wanda tsirkiya ke bi ta kansa, sa'an nan ya tallafe shi daga ciki da siraran katakai bakwai da aka baza kamar mafici. Fuskar yakan yi ta da katako marar nauyi na ƙasashen sanyi, baya da gefe kuwa da itace mai tauri, wani lokaci ma da katakon tsofaffin kayan ɗaki.

A 1862 ya ƙera jita wadda bayanta da gefenta na kwali ne, fuskar kaɗai ce ta katako, don ya nuna cewa murya daga fuskar take fitowa. An adana ta a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Shahararren makaɗi Francisco Tarrega ma da jitarsa ya yi suna.

Duk da haka sana'ar ba ta wadata shi ba. Wajen 1870 ya koma Almeriya ya buɗe kantin tangaran, sai a 1875 ya sake ɗaukar kayan aiki. Da tsufa ya zo hannunsa ya riƙa rawa, har wani limamin coci yake taimaka masa. Ya rasu ran 19 ga Nuwamba, 1892, da bashi a kansa, amma har yau bisa tsarinsa maƙera jita suke aiki.

Mu ma akwai abin lura a nan. Dajin Kamuku na Birnin Gwari yana da doka da maje da kawo, madobiya kuwa an yi ta kwasar gungumenta daga Nijeriya zuwa Sin, har a 2016 ƙasashen duniya suka ƙayyade cinikinta. Itace muna da shi. Abin da ya ɗaukaka Torres shi ne sanin halin kowane katako, kuma wannan ilmi ne ya kamata makarantunmu na sana'a su ba samari, domin gungumen da aka sayar ɗanye, ribarsa ta wani ce.