Dirgha Man Chitrakar (1877–1951): Mai Ɗaukar Hoton Fadar Rana a Nepal

An haifi Dirgha Man Chitrakar a shekarar 1877, cikin zuriyar Chitrakar ta al'ummar Newar da ke kwarin Kathmandu. Zane gādo ne a wannan zuriya. Sunan ma kansa yana nufin mai zane, kuma kakanninsa sun daɗe suna zana gumaka da hotunan bukukuwan addini. Ya taso ne a zamanin mulkin gidan Rana, waɗanda suka karɓe ragamar ƙasa tun 1846, suka mai da muƙamin firayim minista na gado, sarki kuwa ya zama sai suna kawai.

Na'urar ɗaukar hoto ta riga shi isa ƙasar. Wani jami'in Ingila, Clarence Comyn Taylor, ya ɗauki hotunan Kathmandu a 1863, sannan Dambar Shumsher, ɗan gidan Rana, ya zama ɗan ƙasa na farko da aka sani da wannan sana'a. Daga hannun masu mulki ne fasahar ta gangaro zuwa ga masu zane na gado, kuma Dirgha Man na cikin waɗanda suka haɗa buroshi da kyamara.

Tauraronsa ya haska a ƙarƙashin Chandra Shumsher, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1929. Ya zama mai zane da ɗaukar hoto na fada, har ya raka maigidansa Ingila a 1908. Aikinsa shi ne fito da martabar gidan: manyan Rana cikin kayan soja irin na Turai, da rawuna masu lu'ulu'u da gashin tsuntsu, da farauta, da bukukuwan fada. A ƙasar da aka rufe ƙofofinta ga baƙi, hoto ya kasance hanyar da masu mulki ke nuna wa Ingilishi cewa su tsararsu ne, su kuma nuna wa talakawa tazarar da ke tsakani. Ba daidai ba ne, a ganina, a ɗauke shi a matsayin ɗan adawa. Bawan fada ne, kuma abin da fada ke so shi ya ɗauka.

Sai dai farantan gilashin da yake ɗaukar hoto a kansu sun fi mulkin da suka yi wa hidima tsawon rai. Dukiyar da aka baje a gaban kyamara don burgewa, ita ce daga baya masana tarihi ke karantawa a matsayin shaidar yadda gida ɗaya ya handame arzikin ƙasa.

Ya rasu a 1951, shekarar da Sarki Tribhuvan ya dawo daga Indiya, mulkin Rana ya faɗi. Ɗansa Ganesh Man, wanda aka haifa a 1916, ya gaji sana'ar, amma ya koma aiki da hukumar agajin Amurka, yana ɗaukar ayyukan raya ƙasa, har da hotunan kwarin Kathmandu daga sama. Iyalin suna riƙe da tarin farantan nan har yau.