Tarihin Sarkin Kano Alu Mai Sango

Aliyu Babba, wanda Kanawa suka fi sani da Alu, shi ne sarkin Kano na ƙarshe kafin zuwan Turawan mulkin mallaka. Ya hau gadon sarauta a 1894 ta hanyar yaƙin basasa, a lokacin da Kano ke da sarakuna biyu, kowanne da fadarsa da hakimansa da hujjar da yake kafawa. Mulkinsa kuma ya ƙare ne a ƙasar Zamfara a 1903, kusa da inda garuruwan Gusau da Tsafe da Bunguɗu suke.

Asalinsa

Alu ɗa ne ga Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, jika kuma ga Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya kafa gidan sarautar Sulluɓawa a 1819. Mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, ɗan Muhammadu Bello, kuma sunan wannan kakan nasa aka raɗa masa. Ke nan ta wajen uwa jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, abin da ya yi masa rana daga baya.

Bayan rasuwar Abdullahi, sarauta ta koma hannun ƙaninsa Muhammadu Bello. Bello ya riƙa tuɓe 'ya'yan yayansa daga muƙamai yana naɗa nasa, ya kuma ba ɗansa Tukur sarautar Galadima domin share masa hanyar gado. 'Ya'yan Abdullahi suna da yawa ainun, kuma suna da jama'a a birni da ƙauye. Jagoransu shi ne Yusufu, wanda shi ma ya taɓa riƙe sarautar Galadima.

Sarakuna biyu a ƙasa ɗaya

A tsarin Daular Usmaniyya, masu zaɓen sarki na kowace masarauta su ke gabatar da wanda suke so, Sarkin Musulmi kuma ya tabbatar. Galibi ɓangarorin biyu kan daidaita. A Kano a 1893 ba su daidaita ba.

Da Bello ya rasu a ƙarshen wannan shekara, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya umarci Waziri Buhari da ya naɗa Tukur. Tukur ya samu shiga a wurin Abdurrahman ne saboda jarumtar da ya nuna a yaƙin Argungu. Sai dai akasarin manyan Kano Yusufu suke so, don haka mubaya'ar da aka yi wa sabon sarkin ta zamo 'yar kaɗan.

Yusufu da 'yan uwansa suka fice daga birni suka tare a Takai, kudu maso gabas da Kano. A can suka kafa tasu fadar, suna naɗa sarautu masu suna iri ɗaya da na birni, suna karɓar mubaya'ar garuruwa, suna kuma auka wa waɗanda suka ƙi. Daga nan aka samu Yusufawa da Tukurawa. Tukur na riƙe da Gidan Rumfa da takardar Sakkwato. Yusufawa kuma na da dawakai, da goyon bayan manyan bayin sarki da yawa, da kuma ƙauyukan da ke ciyar da birni.

Ana cikin haka Yusufu ya rasu a 1894. Jama'arsa suka miƙa jagoranci ga Alu, ko da yake akwai waɗanda suka girme shi a cikin 'ya'yan Abdullahi. Lissafin a fili yake: Yusufawa sun san ko sun ci birni da yaƙi, sai Sakkwato ta amince kafin sauran sarakuna su ɗauke su a matsayin halaltacciyar hukuma. Babu wanda ya fi dacewa ya nemo wannan amincewa kamar jikan Sarkin Musulmi.

Kafin daminar 1894 ta wuce, Alu ya shiga Kano da ƙarfi. Tukur ya fice zuwa Kamri ta wajen iyakar Katsina, inda ya ci gaba da ɗaukar kansa sarki. Sarkin Musulmi ya aika wa sarakuna da su taimaka a mayar da shi, amma mafi yawansu suka yi sanyin jiki. A watan Maris na 1895 rundunar Alu ta ci Tukurawa a Tafashiya, Tukur kuma ya rasa ransa.

Talakawa ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan yaƙi. An ƙone garuruwa, noma da fatauci sun tsaya a wurare da dama, an kuma kama 'yantattun Musulmi an sayar da su bayi. Masanin tarihi Adamu Mohammed Fika ya yi cikakken nazari a kan basasar a littafin da ya wallafa a 1978.

Mulkinsa

Da ya zamo babu wani mai jayayya da Alu a Kano, Sakkwato ta haƙura ta amince da shi. Wannan ya kawo ƙarshen rikicin, amma ya nuna wa kowa cewa Sarkin Musulmi ba shi da rundunar da zai tilasta wa babbar masarauta bin umarninsa.

Alu ya raba manyan sarautu ga 'yan uwansa da waɗanda suka tsaya masa. Ya naɗa ɗan uwansa Ahmadu Waziri, Muhammadu Abbas kuma ya zama Wambai. Ya ba da muhimmanci ga tara bindigogi da gyaran ganuwa, kuma laƙabinsa na Mai Sango daga sunan wani makami ya samo asali. Babbar barazanar da ya fuskanta daga arewa ta fito, inda Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo hari har kusa da birnin Kano a 1898. Barazanar ta kau bayan Faransawa sun kama Damagaram a 1899.

Ƙarshe a ƙasar Zamfara

A 1900 Lugga ya ayyana Arewacin Najeriya a ƙarƙashin Ingila. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudo Kano, Alu kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu. Turawa suka riƙe wannan a matsayin hujjar yaƙi.

A cikin watan ne kuma Abdurrahman ya rasu, Muhammadu Attahiru na ɗaya ya gaje shi. Ga sarkin da ya hau mulki cikin saɓani da Sakkwato, zuwa yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi babban al'amari ne. A farkon Janairun 1903 Alu ya tashi zuwa Sakkwato da manyan hakimansa da mahaya masu yawa. Yana can rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu.

Labari ya iske Kanawa a hanyarsu ta komawa gida. A Birnin Goga da ke ƙasar Zamfara, Alu ya rabu da rundunarsa cikin dare ya nufi arewa. Wasu masu tarihi na kallon wannan a matsayin niyyar hijira, wasu kuma na ganin gudu ne. Jama'ar da ya bari ta rabu biyu. Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi, ya gwabza da sojan Turawa a ƙarshen Fabrairu a Kwatarkwashi, garin nan mai dutse da ke tsakanin Gusau da Tsafe, a ƙaramar hukumar Bunguɗu ta yau. A nan aka kashe shi, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Wambai Abbas kuwa ya ja sauran jama'a zuwa Kano ya miƙa wuya, Lugga ya naɗa shi sarki a watan Afrilu.

Abin da ya faru da Kano shekaru goma baya sai ga shi ya faru da daular baki ɗaya. Bayan faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris, Turawa suka naɗa Attahiru na biyu, alhali Attahiru na ɗaya na raye, jama'a na bin sa zuwa gabas, har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli.

An kama Alu a ƙasar Gobir aka miƙa shi ga Turawa. Suka kai shi Yola, daga baya suka mayar da shi Lokoja, inda ya zauna har ya rasu a 1926. Bai sake ganin Kano ba.

Amma nasarar da ya samo wa Yusufawa ta ɗore. Tun daga 1894, duk wanda ya hau gadon sarautar Kano daga zuriyar Abdullahi Maje Karofi ya fito.